Dokina ya ƙi sukuwa a kan tablo, hoton kuma sai ƙyalli

Ɗan Adar:
Salamu alaikum jama'a. Ni daga Tawa nike, na daɗe ina zane da kirayo (fensir) amma bana na fara taɓa fentin mai. Ran salla na ɗauki hoton wani jan ingarma shina sukuwa bayan gari, ƙafafun ba su fito ba a hoton sai ƙura, sai na zana su da ka, na gaba na miƙe su gaba na baya na miƙe su baya. Sati ukku ina fama, wallahi abin ya fito kamar akuya na tsallake kwata. Na biyu kuma in na ɗauki hoton tablo ɗin (allon da na yi zanen a kai) da portabul sai haske ya kwanta a cinyar dokin fari fat, jan ya ɓace. Mi ya kamata in yi?

Tsohon Mai Pinso (Yamai):
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka damu, manya ma sun faɗa ramin nan. Géricault ɗan Faransa da ya zana tseren dawakin Epsom a 1821 haka ya yi, dawakinsa a miƙe a sama kamar an shanya su. Sai a 1878 wani mai hoto Muybridge ya jera kyamara 12 a Kalifoniya, doki na wucewa suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya, nan aka ga lallai akwai lokacin da ƙafa huɗu ke barin ƙasa, amma sa'ad da suka tattaru ƙarƙashin ciki ne, ba sa'ad da suka miƙe ba. In ya miƙe to akwai kofaton da ke ƙasa ko yana dab da sauka.

Ka koma wurin masu kilisa da yamma ka yi bidiyo a ralanti (mai tafiya a hankali), ka tsayar inda ya yi maka, ka zana da kirayo sau goma kafin ka taɓa fenti. Kuma don Allah ka bar gyara kowane kofato tsaf tsaf, shi ke kashe gudun. Bari ƙura ta cinye ƙafafun baya, geza da wutsiya ka ja su da busasshen pinso (burushin fenti) sau ɗaya ka ɗauke hannu, ido da hanci da linzami kaɗai za ka zauna ma.

Mai Studiyo:
Maganar hoto kuwa na rantse filashi ka kunna. Kashe shi. Fitar da tablo cikin inuwa da hantsi, ba cikin rana ba, ka tsayar da shi tsaye kada ya kishingiɗa, wayar ta kalli tsakiyarsa daidai, ka ɗan ja baya don kada gefuna su lanƙwashe. In dare ne fitila biyu iri ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu a karkace wajen digiri 45. Ka aje farar takarda a gefe, in ta fito ruwan ɗorawa a hoton to jan dokinka ma ƙarya ne. Kuma ka ɗauka kafin ka shafa verni, wato man ƙyalli da ake rufe zane da shi bayan an gama.

Ɗan Adar:
Hahaha filashi ne wallahi, cikin ɗaki da dare. Na gode Baba, na gode yaya. Amma wani abu, man lin ɗina da nike dama fenti da shi ya ƙare sai na ɗiga man gyaɗa wajen sirdin, har yau shina danƙo.

Tsohon Mai Pinso (Yamai):
Subhanallahi, man gyaɗa ai ba ya bushewa, na tuya ne. Kankare wurin da wuƙar fenti ka goge da esans ɗin terebantin (ruwan narkar da fenti) ka sake. Verni kuma sai bayan wata 6 aƙalla. Yanzu da hunturu ya shigo juya fuskar tablo ɗin ga bango ba tare da ta taɓa ba, in ba haka ba ƙurar Tawa za ta mayar maka da jan dokin bidi.