Warin banɗakin jirgin ruwa mai tafiya da iska: wa ya taɓa maganinsa?

Ɗan Zangon Tema:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da aka ba ni kulawar wani jirgi mai tafiya da iska a nan Tema ta ƙasar Gana, tsawonsa mita 12, maigidan sai ƙarshen mako yake zuwa. Kullum ina wanke banɗakin tas, amma ranar Asabar da an yi wa famfon kora banɗakin bugun farko sai wari irin na ɓaragurbi ya cika ɗakin. Na sa turaren wuta, na zuba bilic, duk a banza. Abin ya dame ni ƙwarai, don a ciki nake kwana, a ciki nake salla. Wanda ya san aikin nan ya taimaka.

Baba Mai Injin, Bur Sudan:
Wa alaikumus salam. Yaro, tun da ka ce a bugun farko ne, ba ƙazanta ke wari ba, ruwan tekun ne. Shekara 14 na yi a jiragen da ke kai Turawa masu ninƙaya a Bahar Maliya kafin yaƙin 2023 ya tsayar da aikin, kuma wannan ne darasina na farko. Ruwan da famfo ke jawowa cike yake da ƙananan halittu. In ya kwana biyar a tiyo babu iska sai su mutu, ƙwayoyin cuta su ci su, su fitar da iskar nan mai warin ƙibiritu. Ruwanmu na nan ga zafi ga gishiri, kwana biyu ma ya isa. Ranar Lahadi in maigidanka ya tafi, rufe bawul ɗin da ke shigo da ruwan teku, cire tiyon daga bakinsa ka tsoma a bokitin ruwan daɗi, ka buga har bokitin ya ƙare. Zuba ruwa a kwanon kawai ba ya wanke wannan tiyon, hanyar fita kaɗai yake bi. Bilic kuma ka bar shi, roba yake ci.

Bakatsine a Marmaris:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni nawa ya wuce nan. A jirgin haya nake aiki a Turkiyya, kuma mun yi damina guda muna neman inda wari yake fitowa. Ashe tiyon fitar ƙazanta ne, wannan mai kaurin milimita 38. Ba ya yoyo ko ɗigo, amma ya tsufa har wari na ratsa jikinsa kamar yadda ruwa ke tsattsafowa daga randa. Wani tsohon makaniki ya nuna mini gwajin: ka goge tiyon, ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan zafi, ka naɗe a wurin da tiyon ya fi yin ƙasa, ka bari ya huce. Fita da tsumman waje ka shinshina. In ya ɗauko wari, tiyon ya gama aiki, babu sabulun da zai dawo da shi. Da muka yanke namu, wallahi ramin ciki da ƙyar yatsa ke shiga. Fitsari in ya haɗu da ruwan gishiri yana daskarewa kamar farar ƙasa, ya yi ɓawo. Yanzu duk mako ina zuba ruwan khal, in bar shi ya ɗan jima, sannan in bi shi da ruwan daɗi. Kuma in za ka sayi sabo kada mai shago ya ba ka tiyon ruwa na gama-gari don ya fi araha, akwai wanda aka yi musamman don ƙazanta.

Maman Hanifa:
Ni mai girki ce a jirgin wani iyali, ɗakin girkina bango ɗaya ne da banɗaki, saboda haka ni ce ke fara ji. Abin da na lura, mutane suna tsayawa da zarar kwanon ya yi fari, alhali ƙazantar tana kwance a tsakiyar tiyo. Takardar famfonmu ta ce bugu 7 ga kowace mita ta tiyo. Namu mita 3 ne, sai na rubuta 21 na manna a ƙofa. Ɗana, ga sauƙin da Allah ya ba mu: da buta muke shiga. Bayan tsarki ka ƙara cika ta da ruwan daɗi ka kora.

Ɗan Zangon Tema:
Na gode Baba, na gode Mama. Na yi gwajin tsumma, babu wari. Na yi na bokiti ranar Lahadi, Asabar ɗin nan warin bugun farko ya tafi, alhamdu lillahi. Saura wani da nake ji a ƙarƙashin gado, inda tankin tara ƙazanta yake, kuma famfon yana yin tauri.

Baba Mai Injin, Bur Sudan:
Tauri? Dakatar da bugu yanzu. Tankin yana da ƙaramin bututun shan iska da ke fita ta gefen jirgi, kuma zanzaro na son yin gidansa a bakin. In ya toshe, tankin ya kumbura, iskar ta nemi hanya ta mahaɗa, wani lokaci ma ƙazanta ta dawo kwano. Na ga tankin da ya tsage a kan wannan, kwana uku muna kwashe ƙasan jirgi. Sa waya ka share bakin, ka tabbata bututun bai lanƙwashe ba. Tankin da ke samun iska sosai ba ya yin wannan ɗoyin, shi ya sa wasu ke canza bututun daga milimita 16 zuwa 25.

Bakatsine a Marmaris:
In ka buɗe famfon ka duba robar nan mai kama da bakin agwagwa, ita ke hana ruwa komowa. Ni duk shekara nake sauya ta. Ɗaga ta a haske, in ka hango haske ta tsakanin leɓɓanta ta saki.

Ɗan Zangon Tema:
Baba, zanzaro ne. Laka ce cike da bakin bututun, da na soke ta sai da iska ta yi tsaki. Robar ma ta saki, ina hango hasken fitila ta ciki. A Tema ban samu ba, na aika wa maigidan hotonta ya taho da guda biyu daga Akara.