Mun kira taron jin ra'ayi kan gidan tarihi, kujeru suka fi mutane yawa

Ɗan Kwarbai:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, don abin ya tsaya mini a rai. Wasu 'yan gari masu hali sun haɗa kuɗi za su gina gidan tarihi da al'adu a nan Zariya, inda baƙo zai ga labarin Zazzau tun daga Turunku da Kufena, yaranmu ma su samu wurin zuwa kamar yadda na Kano ke zuwa Gidan Makama. Ni malamin firamare ne, aka ɗora mini sakataren kwamitin jin ra'ayin jama'a, wai don rubutuna yana karantuwa.

Asabar ɗin da ta wuce muka kira taro ƙarfe goma na safe a GRA. Kujera 150 muka ɗauko haya, mutum 27 na ƙirga, duk maza, rabi malaman jami'a daga Samaru da Kongo, rabi 'yan fansho. Mai zanen ginin ya haska hotuna a bango, ya yi awa guda yana zuba Turanci, aka tafa, aka sha lemo, aka watse. Shugabanmu ya ce in rubuta "jama'a sun amince". Hannuna ya ƙi. Ko mahaifiyata ba ta san an yi taron ba. Yaya ake yi a ji ta bakin mutanen gari?

Maman Husna:
Wa alaikumus salam. Malam, wace mace ce a cikin birni za ta bar tukunya a wuta, ta nemi izinin maigida, ta biya kuɗin keke har GRA, don ta zauna tsakiyar farfesoshi? Kuma babbar rigar da za ku rataye a gilashi, aska takwas ɗin nan, mu ke ɗinka ta a tsakar gida. Wata uku nake kan guda ɗaya yanzu, har idona ya fara gajiya.

Ku samu mata biyu masu iya magana su bi Islamiyyar matan aure bayan an tashi karatu. Kada su zo mana da takarda mai tambaya arba'in. Su tambaye mu me zai sa mu kai yara wurin, me zai hana mu. Tawa amsar ga ta tun yanzu: banɗakin mata mai ruwa, wurin salla, da rumfar da zan sayar da aikina dillali bai cinye ribar ba.

Jikan Magina:
Ƙanena, ai kun gama zane sannan kuka kira mutane. Wannan ba shawara ba ce, sanarwa ce, kuma Bazazzage ya san bambancinsu. In ka nuna wa dattijo abin da aka riga aka gama, "Allah ya sa albarka" kawai zai ce maka, ya je majalisarsa da yamma ya faɗi gaskiya.

Da me za a yi ginin? Na tabbata bulo da siminti ne, a shafa jan fenti a ce ƙasa ce. A garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da tubali da azara, baƙi suka dinga zuwa daga ƙasashen waje suna auna bakan gizonsa, wato bakunan ƙasa masu riƙe rufin! Har yau akwai tsofaffin da suka san ɗaurin guga, wato rufin da bakuna ke haɗuwa a tsakiyarsa, da yadda ake haɗa makuba, yaɓen da ake yi da ɓawon ɗorawa. Kakana yana cikinsu, ya haura tamanin, babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi komai. Kuma ba kwalliya kaɗai za su koya muku ba. Ginin ƙasa sai da kulawa duk shekara kafin damina, a duba indararo, a sake yaɓe. Duk mun tuna 2023 da wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin salla, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wa zai riƙa kula da naku bayan an yanke ƙyalle an tafi?

Ku bi ta hannun masu unguwanni, su haɗa ku da shugabannin sana'a: magina, majema, dukawa, maƙera. Ku je ku same su a bakin aikinsu bayan La'asar, ku zauna a tabarmarsu.

Ɗan Wusasa:
Na yarda da yayana, amma akwai saura. Masu unguwanni za su kai ku cikin ganuwa, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan. To mu fa? Ni Bahaushe ne Kirista, cocinmu na Wusasa ginin ƙasa ne, tun 1929 yake tsaye, nan Janar Gowon ya tashi. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife ta, akwai Yarabawa da Inyamuran da kakanninsu aka haifa a can. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan garin ta fara fita a 1939. In labarin zai tsaya kan Sarauniya Amina da hawan salla, rabin gari zai ce ba da shi ake ba.

Ko sarautar ma a taka a hankali. Gidaje huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ka girmama hoton wani ka ƙanƙanta na wani ka ga rigima. Ga kuma zuriyar sarakunan Haɓe da ke Suleja. A kai wa kowa rubutun da ya shafe shi ya karanta kafin a manna a bango.

Mai Keke:
Ni na ji labarin taron, na je. Matakala shida ce a bakin zauren, babu gangara. Na zauna a kekena na guragu minti ashirin, na koma gida. Ka mai da lissafinka 28, Malam. Kuma ku duba zanen naku ko shi ma haka yake. Makafi suna da sarkinsu, mu ma muna da ƙungiya, ba mu da wuyar samu.

Ɗan Kwarbai:
Innalillahi. Ɗan'uwa, ka yafe mana, wallahi ban gan ka ba. Na buɗe zanen yanzu, matakala tara ce a ƙofar shiga, ɗakin kayan sarauta kuma a bene aka sa shi.

Na kira shugabanmu na karanta masa maganganunku. Ya ɗan yi tsaki da batun ginin ƙasa, ya ce masu kuɗin ba za su yarda ba, amma ya amince a dakatar da zanen wata biyu. Na ce masa duk inda muka je sai mun koma mun faɗa musu abin da aka ɗauka da abin da aka bari, da dalili, ya ce sai dai ni in yi wannan yawon. Zan yi.

Yaya Jikan Magina, zan iya zuwa gaishe da Baba ranar Lahadi? Maman Husna, ƙarfe nawa Islamiyyarku ke tashi? Ƙanwata da matata za su zo.