Rijiyar gidanmu ba ta da murfi, ga yara goma sha ɗaya a tsakar gida

Uwar 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. A gidan haya nake zaune a bayan gari nan Kano, ɗaki bakwai, yara goma sha ɗaya, babbansu bai wuce shekara tara ba. Rijiya ce a tsakiyar gidan, bakinta ko gwiwata bai kai ba, murfinta wani tsohon langa-langa ne da tsatsa ta cinye. Ranar Laraba ina kwashe tuwo, na waiwaya sai ga ɗaya daga cikin 'yan biyuna ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar yana leƙen guga. Shekararsa biyu da wata uku. Ban san sanda na yar da mara na damƙo ƙafarsa ba. Har yanzu in na tuna jikina ɓari yake.

Na yi wa mai gidan magana, ya ce wanda ba zai iya zama ba ya tashi. Abin da ya fi ci mini rai, shawarar da nake ji a rediyo duk ta masu hali ce: a rufe ƙofar kicin, a sa magani a kabad mai makulli. Mu a fili muke girki, murhu bakwai a jere, kananzir a robar lemo a ƙarƙashin gado. Wane kicin zan rufe? Don Allah wanda ya san abin da talaka zai iya yi da hannunsa ya taimaka mini.

Nas Mai Aikin Dare:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. A ɗakin yara nake aiki, kuma yawancin waɗanda ake kawo mana daga irin gidajenku suke fitowa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2008 ya ce kullum yara sama da 2,000 ke mutuwa ta hanyar haɗari irin su nutsewa, ƙuna, guba, faɗowa da hatsarin mota, kuma kusan kashi 95 cikin 100 a ƙasashen da ba masu arziki ba ne. Ba wai iyayen ƙasashe masu arziki sun fi mu son 'ya'ya ba ne, gidajensu ne aka gina da tunanin yaro.

Robar lemon nan ta tsaya mini a rai. Yaro ya saba lemo ake sha a cikinta, ƙishirwa ta kama shi, sai ya kafa kai. Ki juye kananzir ɗin a galan mai murfin murɗawa, ki rataye a ƙusa sama. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai ne ke tura shi cikin huhu, can ne ɓarnar take. A nufi asibiti kawai.

Ƙuna kuma, ga sanyi na tafe, lokacin kaskon wuta a ɗaki da ruwan wanka mai zafi. A yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da toka. Sau da yawa sai mun fara kankare waɗannan kafin mu ga ciwon, yaro na ihu.

Mai Walda:
Hajiya, kada ki jira mai gidan hayar. Ku sa magini ya ƙara layin bulo biyu ko uku a bakin rijiyar, mai walda ya yi muku murfin ƙarfe da 'yar ƙofa daidai shigar guga, a sa kwaɗo. In ɗaki bakwai suka yi karo-karo, abin da zai faɗo kan kowa bai kai kuɗin anko ba. Amma maigidanki ya fara sanar da mai unguwa, a yi a gabansa, don kada gobe a ce kun taɓa ginin mutum ba izini.

Dattijon Layi:
Ni dai a ganina sakacin matan yanzu ne, waya a hannu, yaro na gantali. Mu a bakin rijiya muka tashi ba abin da ya same mu. Abin da Allah ya rubuta kuma ba makawa.

Uwar 'Yan Biyu:
Baba, da girmanka, ba waya a hannuna, tukunya ce a kan wuta da goyo a bayana. Waɗanda suka faɗa a zamaninku ba su nan balle su ba da labari. Kuma a Islamiyya an koya mana Manzon Allah (SAW) ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ya kuma yi umarni a kashe wuta in za a kwanta.

Malamar Firamare:
Ido biyu ba sa tsare tukunya da yara uku lokaci guda, wannan gaskiya ne. A ƙauyukan Bangaladash an lura ƙananan yara sun fi nutsewa daga hantsi zuwa azahar, sanda uwaye ke tsakiyar aiki. Sai aka ware mata a unguwa suna riƙe yaran a ɗaki guda a wannan lokacin, kuma mace-macen sun ragu sosai. Ku mata bakwai ne. Kullum ɗaya ta shimfiɗa tabarma a zaure ta tattara yaran, sauran su ɗora mata sanwarta. Kuma a riƙa kife bokiti da baho in an gama wanki, ɗan ruwan da ke ciki ya isa ya halaka mai rarrafe.

Uwar 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya da daddare na tara matan gidan, mu biyar mun yarda da karo-karon, biyu sun ce sai mazansu sun dawo. Kananzir na rataye shi tun da asuba. Kafin a yi murfin mun kifa tsohon turmi a kan langa-langar. Mai Walda, ƙarfen wane kauri zan ce a sa, wanda ko yara uku sun hau ba zai lotsa ba?