Shagon Kirista a buɗe ranar Lahadi: keta tsarkin rana ne ko neman halal?

Dattijon ikilisiya, Wusasa: Salamar Ubangiji gare ku. Na ɗora magana a faifai: gidan Kirista da ke buɗe shago ranar Lahadi, ko bayan an tashi sujada ne, ya rage wa ranar tsarkinta. A Littafi Mai Tsarki, Fitowa 20 ba mai gida kaɗai ta hana aiki ba, ta haɗa da ɗa, da 'ya, da bara, har da dabba. A Nehemiya 13 kuma, da mutanen birnin Taya suka riƙa kawo kifi Urushalima ranar hutu, rufe ƙofofin birni aka yi tun magariba. Yara suna koyon darajar ranar daga kwaɗon da suka gani a ƙofar shago kafin su koya daga bakin fasto.

Mai shagon kayan masarufi, Sabon Gari: Baba, da girmamawa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aikata a Zariya Lahadi da yamma suke sayen kayan mako. Kasuwar hatsi ta Giwa ma Alhamis da Lahadi take ci. Wanda ya rufe ba cinikin ranar kawai ya rasa ba, mai sayensa ya koma shagon maƙwabci ke nan, kuma da wuya ya dawo.

Malamin makarantar Lahadi, Samaru: A raba abu biyu. Ranar hutun Fitowa rana ta bakwai ce, wato Asabar. Taron masu bi a ranar farko ta mako yana Ayyukan Manzanni 20:7 da 1 Korantiyawa 16:2, kuma babu inda ayoyin nan suka hana ciniki. Dokar gwamnati ta hutun Lahadi ta zo ne a shekarar 321, lokacin Sarki Konstantin na Rum, ita ma ta bar manoman karkara su yi aikinsu, don shuka ba ta jira. Romawa 14:5 ta ce kowa ya tabbata a zuciyarsa game da ranaku. Saboda haka, Baba, a kira shi shawara mai kyau, kada a kira shi zunubi.

Dattijon ikilisiya, Wusasa: Malam, tarihinka daidai ne. Amma hutun rana ɗaya cikin bakwai ya girmi dokar Musa, yana Farawa 2. Ɗana mai shago, ga lissafi. A ce ribarka ta yini naira 3,000 ce. Ware 500 kullum daga Litinin zuwa Asabar a asusu dabam, ka haɗa ribar Lahadi ke nan ba ka buɗe ba. Inda abin ke lalacewa shi ne a bar kuɗin a aljihun ciniki, ranar Juma'a a saro kaya da shi. Sannan ka sanar da masu sayenka mako biyu kafin ka fara, ka ƙara awa biyu daren Asabar, masu karɓar bashi kuma a mayar da ranar biyansu Litinin.

Mai shagon kayan masarufi, Sabon Gari: Wannan ya yi wa mai sabulu da sukari, Baba. Mai kayan gwari fa? Tumatir nunanne a bazara ba ya kwana biyu a kwando.

Shugabar Zumuntar Mata, Tudun Wada: Ɗana, wannan yana da dabara. Ranar Asabar a saro rabin abin da aka saba, a zaɓi wanda bai gama nuna ba. Da yamma a juye shi daga kwando, don na ƙasa ne ke fara fashewa saboda nauyi, ruwansa ya ɓata sauran. A tsince masu tabo, a baza masu kyau ɗai-ɗai a kan buhu a inuwa mai iska, kada a yayyafa ruwa. Masu laushin a yanka a shanya su zama kauɗa, ko a markaɗa a tafasa har ruwan ya tsane.

Amma ni abin da ya dame ni ba shagon ba ne. Ku leƙa gidajen da suka rufe shago. Uwar gida ta tashi ƙarfe huɗu, ta ɗora shinkafa, ta yi wa yara huɗu wanka, ta goge kaya da dutsen gawayi don babu wuta, ta isa sujada tana gyangyaɗi. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye an bar ta gida da tulin wanki, an ce ta je sujadar yamma, yamma ta yi baƙi sun cika falo. Maimaitawar Shari'a 5:14 ta faɗi dalilin dokar ƙarara: domin baranka da baranyarka su huta kamar kai. Mai gidan da ya kulle shago ya miƙe ƙafa, mata biyu suna bauta a madafa, wace rana ya tsarkake? A dafa miya Asabar, a ɗebo ruwa, a yi guga duk sa'ad da aka kawo wuta cikin mako, Lahadi ɗumame kawai. Wanke-wanke a raba har da 'ya'ya maza.

Ma'aikaciyar jinya, Shika: Mama, Allah ya saka. A ƙara da masu aikin da ba ya tsayawa. Majinyaci ba ya jiran Litinin, kajin gidan gona ma sai an ba su ruwa da abinci, Yesu da kansa ya kawo misalin kwance bijimi a kai shi shan ruwa a Luka 13:15. Tsarin da ke aiki: da zarar jadawalin wata ya fito, a zauna da iyali a sa alama a ranar hutun da za ta maye gurbin Lahadin da aiki ya ci, a kuma nemi musanya da abokan aiki Musulmi, a riƙe musu Juma'a su riƙe Lahadi. Matsalar ita ce ranar madadin takan zama ranar kasuwa da wanki idan ba a tsare ta ba.

Dattijon ikilisiya, Wusasa: 'Yata, aikin jinƙai da na larura ban taɓa sa su cikin maganar ba. Mama kuma ta kama ni da gaskiya, a sa hutun mata da 'yan aiki gaba da kwaɗon shago. Amma ban janye ba a kan ciniki don ƙarin riba.

Malamin makarantar Lahadi, Samaru: To Baba, wanda ya rufe nasa amma ya aiki yaro sayen burodi da kati a shagon wani bayan sujada fa?

Mai shagon kayan masarufi, Sabon Gari: Ita ce tambayata ni ma. Da yawa daga masu ƙwanƙwasa ƙofa Lahadi da rana, a taimaka musu da magi ko gishiri, da kayan sujada a jikinsu suke zuwa. A buɗe musu ko a ce su dawo gobe, Baba?