Gwajin tafiyar minti 6 ga mai ciwon taurin fata: ina neman shawara

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata na fama da sikilerodama, ciwon taurin fatar nan da ke taɓa har huhu. Likita ya rubuta mata gwajin tafiyar minti 6. Gwiwoyinta na damunta, duk ta tsorata kar ta kasa. Me ya kamata ta sani?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ki kwantar mata da hankali ƙanwata, ba jarrabawa ba ce. Miƙaƙƙiyar baranda ce mai tsawon mita 30, za ta yi ta kai-komo iya saurinta ba tare da gudu ba, a ƙirga mitocin da ta ci. In ta gaji ta tsaya ta jingina da bango, agogo dai ba ya tsayawa. Ta sa takalmi mai daɗin tafiya, ta sha magungunanta kamar kullum, in tana dogara sanda ta tafi da abarta. Kafin farawa da bayan gamawa za a tambaye ta yawan hakinta daga 0 zuwa 10.

Baban Yara: Ni ma ciwon nake da shi. Ku lura da ɗan injin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Yatsuna da sun ji sanyi sai su yi fari fat, injin ya yi ta ƙyafta ido bai karanta komai ba, ko ya ba da lambar ƙarya. Ta roƙi a sa mata na goshi ko na kunne idan akwai, in babu ta ɗumama hannunta tukuna.

Anti Nas: Gaskiyarka Malam, don saukar lambar da maki 4 ko fiye abu ne da likita ke dubawa sosai. Amma ga abin da ya fi damuna. A wannan ciwon, ƙarancin mita ba lallai daga huhu yake ba. Ciwon gaɓɓai, raunin tsoka, fatar ƙafa da ta ɗaure, duk suna rage tafiya. Don Allah ta faɗi ainihin abin da ya tsayar da ita, gwiwa ce ko numfashi, kuma ta ga an rubuta. Gwajin shi kaɗai ba ya tabbatar da hawan jinin huhu. Sai an haɗa da gwajin hura iska da hoton zuciya, tabbacin kuwa sai an zura siririn bututu an auna ta ɓangaren dama na zuciya.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Anti, sau ɗaya ake yi?

Anti Nas: Karon farko an fi so a yi sau biyu da hutun minti 30 a tsakani, don mutum kan ƙara nisa da ya gane kan abin. Ta adana sakamakon. Nan gaba da shi za a kwatanta, kuma bambancin kusan mita 30 shi ake ɗauka canji ne na gaske. Idan ƙirji ya yi mata ciwo ko jiri ya ɗebe ta a tsakiyar tafiya, ta faɗa nan take a tsayar.