Ƙanina ya yi Sallah a Malesiya daga shi sai kyanwa, ku ba ni shawara

Maman Walida, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa zama ƙasar waje. Autanmu ne yake digiri na biyu a Malesiya kusa da Kuala Lumpur, wata 14 kenan rabonsa da gida. Ranar ƙaramar Sallah bayan an sauko idi, gida ya cika, ga waina da miyar taushe, yara sun sha lalle suna ta rigimar a kai su kallon hawa ƙofar fadar Sarkin Gwandu, sai na kira shi ta bidiyo don ya gaida Inna. Wlh abin da na gani har yau yana cin raina, su can biyar na yamma ta yi don sun riga mu da awa 7, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi kuma yana zaune a ƙasa cikin shaddar da muka ɗinka mai bara, ga Indomie a tukunya ko juyewa bai yi ba, ga wata kyanwa ruwan toka kwance a cinyarsa. Na ce ina abokanka, ya ce duk sun tafi garuruwansu.

Kyanwar wai a bayan gidan da yake haya ya tsince ta ruwa ya mata duka, ya kai ta asibitin dabbobi, yanzu har abinci na leda yake saya mata cikin ɗan kuɗin da ake turo mai. Yaron da a nan ba ya zaman gida, in ba majalisa ba to filin ƙwallo, yanzu duk hirar da za a yi sai ta ƙare a kan kyanwa. Inna ta ce a mai aure kawai. Ni tsoro nake ko damuwa ce ta kama shi. Kuma mun ce ya zo babbar Sallah ya ce bai da wanda zai bar wa kyanwar. Ya zan yi da shi?

Ɗan Kabi, Argungu:

Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara huɗu na yi a Gombak, kusa da Kuala Lumpur, kuma Sallata ta farko haka ta kasance, don haka na san abin da yaron nan shika ji. Abin da ya faru shi ne su Malayu suna da wata al'ada da suke kira balik kampung, wato komawa ƙauye, ana saura kwana biyu uku Sallah kowa zai kwashi iyali ya nufi garinsu, Kuala Lumpur ɗin da ake cunkoso sai ki ga titi fayau, shagunan abinci da yawa a rufe. Baƙo in bai shirya ba ranar nan shi kaɗai zai wuni. Ga shi lokacin da ya sallame idi wajen takwas da rabi na safe mu nan ɗaya da rabi na dare ce, kowa na barci, ba wanda zai kira ya ce mai barka da Sallah, to wanga shi ne abin da ke karya zuciya.

Amma fa ki gaya mai Sallarsu ba ta kwana ɗaya ba ce, kusan duk watan Shawwal ake yi. In sun dawo sai a fara buɗe gida, rumah terbuka suke ce mai, mutum ya dafa abinci ya bar ƙofa a buɗe, maƙwabci da abokin aiki da ɗalibai har wanda ba musulmi ba kowa shiga yake ya ci. Akwai ketupat, shinkafa ce ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, da lemang, ita ma shinkafa ce da ake gasawa cikin gora, da rendang naman da anka dafa da madarar kwakwa har ya tsotse, yara kuma a ba su goron Sallah cikin koren ambulan. Mu matsalarmu kunya, muna jira sai an aiko takanas, su kuma in malaminka ya ce ka zo gida to da gaske yake. Ni sai shekara ta biyu na gane, da munka je gidan wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya, daga ranar na samu gidan zuwa har na bar ƙasar. Ya koyi cewa Selamat Hari Raya, ya riƙa tsayawa bayan magariba ana gaisawa, kuma ya nemi 'yan Arewa da ke makarantarsu, ba a rasa su.

Zancen kyanwa kuma kar ya ba ki mamaki, mutanen can suna son ta ƙwarai, har a harabar masallaci za ki ga an aje musu abinci. Kucing suke kiranta, akwai ma birni a jiharsu ta Sarawak mai suna Kuching da ke da gidan tarihi na kyanwa. Kare ne suke nesa da shi don mazhabar Shafi'i suke bi.

Baban Sadik, Jega:

Ni dai gaskiya batun kuɗin ne ya tsaya min. Yadda naira take yanzu a ce ana haɗa kuɗi da ƙyar a tura, a canza su zuwa ringgit, sannan a sai ma mussa abincin leda, alhali tamu nan kan kifi da sauran tuwo take ci kuma lafiyarta lau. Ya rage. Amma kar ku ce ya yar da ita, tunda ya ɗauka ta zama amana a wuyansa, kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Kuma aure ba a yin sa don maganin kaɗaici na wata shida, a bari ya gama.

Anti Likita, Badariya:

Maman Walida sannu da ƙoƙari. Aikin dabbobi nake yi, bari in taɓa ɓangarena. Na farko kar ya soma tunanin taho da ita Najeriya don hutun sati uku, sai da takardar izinin shigowa da ta lafiya da shaidar allurar haukan kare, ga doguwar tafiya ana sauka Doha ko Adis Ababa, daga Abuja kuma a kamo hanyar Kebbi, wahala ce gare ta da shi. A can akwai wuraren ajiyar kyanwa da ake biya kullum, yawanci sai sun ga katin rigakafi, amma mafi sauƙi ya samu ɗalibi ɗan uwansa ya bar mai makulli yana zuwa yana zuba abinci da ruwa yana kwashe yashin kashinta, kyanwa ta fi son ɗakin da ta saba.

Ƙasar ba ta da hunturu irin namu, zafi da laima ne shekara duka, don haka ƙuma ba ta ɗaukewa, ya riƙa ɗiga mata magani a ƙeya duk wata, abinci mai ruwa kuma kar ya wuni a kwano. Ya kai a mata aikin hana haihuwa. Ki ja mai kunne sosai kar ya taɓa ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, haka albasa da tafarnuwa.

Sai maganar shi kansa. Wanda yake tashi ya ciyar da wani rai ya share mata wuri, wannan bai cika ba ni tsoro ba. Ki dai lura ko yana barci, yana cin abinci, yana zuwa aji da masallaci. In ya fara ƙin ɗaga waya ko ya rame to ya je wajen masu ba ɗalibai shawara a makarantar, ba abin kunya ba ne.

Maman Walida, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na tura mai duk abin da kuka rubuta, ashe malaminsa ya gayyace shi gida ranar Asabar yana ta nauyin zuwa, yanzu ya ce zai je. Mun kuma tsayar duk Juma'a ƙarfe uku na rana za mu kira shi gaba ɗaya, lokacin shi goma na dare. Ɗan Kabi dan Allah in akwai wanda ka sani zai koma cikin watan nan ka min magana, Inna ta haɗa mai kuka da daddawa da yaji da ƙuliƙuli tana son a kai mai.