Shin sauƙin jarrabawar SAT yana rage wa ɗalibi maki?

Uwar Ɗaliba, Yamai:

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ƴata tana karatu a lise, wato babbar sakandare, a nan Yamai, sashen D na kimiyya, kuma burinta bayan ta samu bak, wato ta ci jarrabawar kammala sakandare, ta nemi gurbi a wata jami'a ta Amurka, shi ya sa take haɗa karatun aji da shirin jarrabawar SAT. Akwai abin da ya ɗaure mana kai. Ta yi jarrabawar gwaji a manhajar Bluebook, sai ta lura cewa a gwaji biyu yawan tambayoyin lissafin da ta kuskure kusan ɗaya ne, amma makin ya bambanta, kuma gwajin da ta ce ya fi mata sauƙi shi ne ya ba ta maki ƙasa. Wata ƙawarta ta ce ai ana raba makin ne gwargwadon ƙoƙarin waɗanda suka zauna tare a rana ɗaya, saboda haka gara ta kauce wa watan da haziƙai suka fi yin rajista. Kuɗin rajista da dala ake biyan sa, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne a gidanmu, don haka ina roƙon wanda ya san gaskiyar lamarin ya fayyace mana kafin mu zaɓi wata.

Malamin Lissafi, Tawa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yarinya sa'a. Maganar ƙawarta ba haka take ba. Hukumar College Board, wadda take shirya SAT, ba ta jiran ta ga yadda ƴan rana ɗaya suka yi sannan ta ɗaga wasu ta sauke wasu. Ko da duk waɗanda suka zauna tare da ƴarki gwanaye ne, babu maki ko ɗaya da za su rage mata.

Abin da ake yi shi ne daidaita ma'auni. Ana yin jarrabawar sau da yawa a shekara, tambayoyin ba iri ɗaya ba ne, kuma duk ƙwarewar masu shirya su ba zai yiwu su fito da tsauri ɗaya cif ba. Jami'a kuwa tana so idan ta ga 650 a lissafi ta san abin da yake nufi, ko a Maris aka same shi ko a Oktoba. Kamar mai sayen hatsi ne a kasuwanni biyu da tiyarsu ta bambanta: idan yana son adalci, dole ya mayar da kowane awo zuwa kilo kafin ya kwatanta. To idan tambayoyi suka yi sauƙi, amsa da yawa daga cikinsu ba ta nuna ƙarfi sosai, sai kowane kuskure ya ci maki mai yawa. Idan suka yi tsauri, ɗalibi zai iya kuskure wasu kuma makinsa ya tsaya a sama. Wannan shi ne abin da ƴarki ta gani a gwajinta.

Ana sanin tsaurin tambaya tun kafin a lissafa ta a makin kowa, domin a cikin kowace jarrabawa ana saka ƴan sababbin tambayoyi da ba a ƙirga su, ana gwada su ne kawai a ga yadda ɗalibai suke amsa su. Ɗalibi ba zai iya gane su ba, don haka kowace tambaya ya ɗauke ta da muhimmanci.

Tun daga Maris na 2023 a ƙasashen waje, da 2024 a cikin Amurka, jarrabawar ta koma ta kwamfuta. Ɓangaren karatu da rubutu yana da tambayoyi 54 a minti 64, na lissafi 44 a minti 70, kowanne ana ba shi maki daga 200 zuwa 800, jimla daga 400 zuwa 1600. Kowane ɓangare zango biyu ne. Zangon farko gauraye ne na sauƙi da tsauri, kuma yadda ɗalibi ya yi a cikinsa shi ne yake sa a ba shi zango na biyu mai tsauri ko mai sauƙi. Saboda haka ɗalibai biyu za su iya amsa yawan tambayoyi ɗaya daidai, makinsu ya bambanta, domin ba tambayoyi masu nauyi ɗaya suka amsa ba.

Ɗalibi a Ƙetare:

Malam, da girmamawa, bayaninka daidai ne, amma ina ganin akwai gefen da ya kamata Inna ta sani. Daidaita ma'auni yana yin adalci idan aka dubi ɗalibai gaba ɗaya, sai dai ga ɗalibin da yake neman makin can sama, jarrabawa mai sauƙi tana da haɗari. A Yunin 2018, lokacin ana yin ta a takarda, lissafin ya zo da sauƙi ƙwarai, ɗalibai da yawa suka fito da murna, da sakamako ya fito suka tarar kuskure kaɗan ya zubar musu da maki mai yawa, har aka yi ta koke ana neman a sake lissafi. Hukumar ta amsa cewa tsarinta ya yi aiki yadda aka shirya shi. Ni dai abin da na fahimta shi ne, idan babu isassun tambayoyi masu wuya, jarrabawa ba ta iya rarrabe gwani da wanda ya fi shi, sai ya zama gaggawa ɗaya, ko karanta tambaya a karkace, ita ce take yanke hukunci. Ga irinmu da muka yi lissafi da Faransanci tun daga firamare muke amsa shi da Turanci, irin wannan tuntuɓe ya fi saurin samunmu, domin sau da yawa lissafin muna iya shi, jimlar ce take ruɗa mu.

Tsohon Darektan Makaranta, Yamai:

Hajiya, ina ganin abin da ya sa maganar take mana nauyi shi ne mun saba da hanyoyi biyu, kuma SAT ba ta bi ko ɗaya ba. A bak, iyaka a tsaye take: wanda ya kai 10 bisa 20 bayan an lissafa nauyin kowane fanni ya ci, kuma idan jarrabawar wata shekara ta yi tsauri, iyakar ba ta motsawa, yawan waɗanda suka ci ne yake raguwa. Shi ya sa 12 ta wannan shekara ba lallai ta yi daidai da 12 ta wata shekarar ba. A konkur kuwa gurabe ne ƙididdigaggu, ana jera mutane daga na ɗaya, kuma a can ne ƙarfin abokin zamanka yake iya hana ka shiga. Ƙawar ƴarki ta ɗauki SAT a matsayin konkur ne.

Amma kada a ce babu takara. Takarar tana ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a, inda ake ajiye makinta kusa da na sauran masu nema, tare da sakamakon lise da wasiƙun malamai da rubutun da ta yi game da kanta. Jami'o'i da yawa suna wallafa tsakiyar makin waɗanda suka ɗauka, kuma wannan ne ya dace ta duba. Ta kuma bincika ko jami'ar tana wajabta jarrabawar, domin da yawa sun sassauta a lokacin korona, jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard ma ta sanar da dawo da ita a 2024, wasu kuma har yanzu sun bar wa ɗalibi zaɓi.

Malamin Lissafi, Tawa:

Ɗana, na yarda da kai, kuma abin da ka ambata yana cikin amfanin tsarin zango biyu: ɗalibi mai ƙarfi yanzu ana tura shi zuwa tambayoyin da za su iya auna shi. Sai dai wannan ya mayar da nauyi kan zangon farko, domin wanda ya yi sakaci a cikinsa aka ba shi zango mai sauƙi, ko ya amsa duka daidai ba zai kai makin ƙoli ba. Ina so Hajiya ta gaya wa yarinya cewa idan zango na biyu ya yi mata wuya kada gabanta ya faɗi, galibi alama ce ta cewa ta yi kyau a na farko. Na sha ganin ɗalibai suna karaya a tsakiyar jarrabawa saboda tsauri, alhali an riga an yi lissafin tsaurin a cikin makin. Kada kuma ta bar tambaya babu amsa, domin tun 2016 aka daina cire maki saboda amsar da ba daidai ba.

Uwar Ɗaliba, Yamai:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ke nan babu watan da ya fi wani sauƙin maki. To da wane ma'auni za mu zaɓi lokaci, Malam?

Malamin Lissafi, Tawa:

Da shirinta da kuma ranar rufe neman gurbi, Hajiya. Yawancin manyan jami'o'in Amurka suna rufe neman farko a farkon Nuwamba, na gama-gari kuma a farkon Janairu, sakamakon SAT kuwa yakan fito bayan kamar mako 2. Ta guji Mayu da Yuni na shekarar bak, domin lokacin hankalinta yana wajen bitar darussa. Idan hali ya ba da ta zauna sau biyu, a bar tazarar da za ta isa ta gyara kurakuranta, a kuma duba ko jami'ar da take so tana cikin waɗanda suke ɗaukar mafi kyawun makin kowane ɓangare daga zama daban-daban su haɗa.